Gyaran ƙotar wuƙar daji: Micarta, igiyar laima ko roba?

Kaifin wuƙa idan ya dushe, dutsen wasawa zai dawo da shi cikin 'yan mintoci. Ƙota mai santsi kuwa ba ta da magani a tsakiyar daji. Hannu ya jiƙe da ruwan sama ko gumi ko jinin dabbar da ake feɗewa, zamewa ɗaya ta isa ta kai yatsu kan kaifi. Saboda haka duk mai niyyar kashe kuɗi ya gyara wuƙarsa, ƙota ya kamata ya fara dubawa.

Kafin ka sayi komai, ka san irin jelar da wuƙarka take da ita, wato ƙarfen da ya shige cikin ƙota. Akwai wadda jelarta cikakkiya ce, faɗinta daidai da na ƙota, kana ganin ƙarfen daga sama da ƙasa tsakanin ɓangarori biyu da aka ɗaure masa. Wannan ita ce ke karɓar kowane irin gyara. Becker BK2 ta kamfanin Ka-Bar, alal misali, da noti aka ɗaure ɓangarorin ƙotarta, kwancewa kawai za ka yi ka ɗora sababbi. Akwai kuma mai siririyar jela da aka zuba wa roba a kai, kamar Morakniv Companion ta ƙasar Suwidin. Ita wannan kada ka fasa ƙotarta, domin abin da za ka tarar a ciki bai isa ya riƙe ɓangarori biyu ba. Iyakarta a naɗa mata wani abu a sama, kuma gaskiya ma ba ta cika buƙatar hakan ba.

Ga mai cikakkiyar jela, zaɓin da ya fi kowanne shi ne Micarta, musamman wadda aka yi da yadi mai kauri irin na tanti. Yadi ne aka jera shimfiɗa bisa shimfiɗa, aka jiƙa shi da ƙaron roba, aka matse da zafi har ya zama falle mai tauri. Tun wajejen 1910 kamfanin Westinghouse na Amurka ya ƙirƙiro ta domin kayan lantarki, daga baya maƙeran wuƙa suka gano amfaninta. Ba ta kumbura a ruwa, ba ta tsagewa a rani, sanyi bai sa ta yi wa tafin hannu zafi kamar ƙarfe. Abin da ya raba ta da sauran shi ne zaren yadin da ke fitowa fili idan an goge ta: da ta jiƙe sai ta ƙara kama hannu. Tana shan mai da datti ta yi duhu, amma sabulu da buroshi za su maido da ita.

Sayi falle biyu masu kaurin milimita 9 zuwa 10. Jela mai milimita 4 ko 5 idan ta shiga tsakaninsu za ka samu kusan 23, sai ka riƙa ragewa da magagari har ya zauna a hannunka. Ga yawancin hannaye tsakiyar ƙota ta kai milimita 20 zuwa 23, ta ɗan tsuke wajen ɗan yatsan nuni da kuma wajen ƙaramin yatsa. Ƙota mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa tana zamewa, mai zagaye sosai kuma tana juyawa a hannu, shi ya sa siffar ƙwai ta fi.

Wurin haɗawa ne aiki ya fi ɓaci. Naɗe kaifin da tef mai kauri tukuna. Gyara gaban fallen biyu, wato gefen da ke fuskantar kaifi, ka goge shi sumul kafin ka liƙa, domin bayan liƙawa ba za ka iya taɓa shi ba sai ka karce wuƙar. Kankare jelar da cikin fallen da samfefa mai lamba 80, ka share da asiton, wato sinadarin da ke wanke maiƙo, kada yatsa ya sake taɓa wurin, man jiki kaɗai ya isa ya hana gam kamawa. Gam ɗin ifoksi mai daɗewa bai bushe ba, na awa 24, shi ake nema. Na minti biyar yana da gautsi, kuma kafin ka daidaita ƙusoshi ya fara daskarewa. Ƙusoshin tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kaurin milimita 4 zuwa 5, guda biyu ko uku sun wadatar. Kada ka matse da ƙarfin tsiya, in ka yi haka gam ɗin duk zai tsiyaye ya bar wurin a bushe. Idan ka zo rage kawunan ƙusoshin, yi a hankali kana hutawa, saboda tagulla na saurin ɗaukar zafi, zafin kuma yana sassauta gam ɗin da ke kewaye da ita. Wajen sa ƙusoshin, ramukan da ke jikin jela su za ka bi. Jelar da aka riga aka taurara ba ta hudawa da bakin injin huda na gama-gari, sai na kabayid, wato baki mai tsananin tauri, kuma idan ƙarfe ya yi zafi har ya koma shuɗi, wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius, taurinsa a wurin ya ragu.

Gogewar ƙarshe ta tsaya a samfefa mai lamba 120 ko 220. Masu son ƙyalli suna kaiwa 600 har su bi da injin gogewa, ƙota ta fito tana sheƙi kamar sabulun da aka tsamo daga ruwa, kuma haka za ta riƙa suɓucewa. Sa abin rufe hanci na gaske yayin duk wannan aiki.

G10, wato fallen da aka yi da zaren gilashi da ƙaron roba, ta fi Micarta tauri, amma ta fi santsi a jiƙe sai an yi mata zane, kuma ƙurarta gilashi ce mai illa ga huhu. Katako yana da kyau a ido, yana kumbura da damina ya tsuke da rani har ya rabu da ƙarfe. Tef ɗin naɗi da tiyub ɗin keke gyaran wucin gadi ne, rana tana cin roba, tef kuma yana yin danƙo.

Igiyar laima, wato siririyar igiyar nailan irin ta laimar sauka daga jirgin sama da ake naɗa wa jela, ta fi jan hankalin masu fara harkar, da hujjar cewa idan ta ɓaci za a kwance a samu igiya. Mita biyu zuwa uku kawai ke kan ƙotar, kuma ranar da ka kwance ta, wuƙarka ta zama tsurar ƙarfe daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Babban aibinta shi ne shan ruwa. Ruwa da jini da gumi suna shigewa ƙarƙashin naɗin su zauna, ƙarfe irin 1095 mai yawan kabon kuwa kwana ɗaya ya ishe shi fara tsatsa, ga shi ba ka gani. Tudun naɗin kuma yana fitar da bororo a tafin hannu idan sara ya yi tsawo. Wanda ya dage sai ita, ya shafe jelar da fenti ko siririn ifoksi ya bari ya bushe, ya naɗa da ƙarfi, sannan ya zuba wa naɗin ruwan zafi, domin nailan yana tsukewa ya ƙara kamawa.

Sai dai duk wannan zance ne idan kayan da ka saya na gaske ne, kuma jabu ya yi yawa a wannan fanni. Igiyar laima ta ainihi, wadda ake kira 550 saboda tana ɗaukar nauyin laba 550, kusan kilo 250, kafin ta tsinke, nailan ce ciki da waje, kuma galibi zare bakwai ne a cikinta, kowanne a murɗe. Yanke ƙarshenta ka ƙirga. Za ka ci karo da mai zare huɗu ko biyar, ko wadda aka cusa wa wani abu mai kama da auduga mara murɗi. Irin wannan sau da yawa ba ta tsukewa da ruwan zafi, naɗin zai saki cikin 'yan makonni. Lambar 550 da aka buga a kan leda ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa.

Micarta ma haka. Dubi gefen fallen: ta gaske za ka ga layukan yadi jere tun daga fuska har baya. Ta jabu roba ce zalla aka yi wa zanen yadi a fuska, samfefa na bi ta kai sau uku zanen ya ɓace. Gasa kan allura ka dangwala a bayan fallen. Ta gaske ba ta narkewa, sai dai ɗan ƙuna ya fito, ta jabu kuwa allurar nutsewa za ta yi. Akwai kuma wadda yadin na gaske ne amma ba a matse shi da kyau ba, za ka ga ƙananan ramukan iska a gefe, nan ruwa zai shiga. Masu sayar da ɓangarorin da aka riga aka yanka wa wata wuƙa su ma a kula da su, sau da yawa ramukan ba sa dacewa da na jela. Nemi tazarar ramukan a milimita ka auna taka kafin ka biya, wanda ya ƙi faɗa maka ka bar masa kayansa.

Mafi muni ita ce wuƙar da aka ce jelarta cikakkiya ce alhali guntun ƙarfe aka yi wa walda da siririyar sanda, aka rufe da roba. Bi bayan ƙotar da maganaɗisu mai ƙarfi, inda jan ya yi rauni ko ya ɓace, ƙarfen ya sirance ko ya ƙare. Goga magagari a kusa da kaifi: ƙarfen da aka taurara yana sa magagari zamewa, wanda ba a taurara ba kuwa magagarin zai ci shi nan take. Wuƙar da ta faɗi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ba ta cancanci ko falle ɗaya na Micarta ba.

Bayan an gama, gwada wuƙar a kubenta. Kuben Kydex, wato na roba mai tauri da zafi ke lanƙwasawa, a bakin ƙota yake kamawa, don haka sabon kauri na iya hana wuƙar shiga ko ya bar ta tana faɗuwa. Ɗumama bakin kuben da iska mai zafi har ya yi laushi, zura wuƙar, ka matse da safar hannu mai kauri har ya huce. Daga nan ka kifar da shi ka girgiza a kan wuri mai laushi, idan wuƙar ta faɗo, a sake ɗumamawa.