Hattara da mai tallar "bayis ɗin reluwe" a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa maƙera, masu walda, kanikawa, da duk mai sha'awar tara tsofaffin kayan aiki. Akwai wani mutum da ke tallar bayis, abin matse ƙarfen nan da ake ɗaurewa a kan teburin aiki, yana cewa a gwanjon tsohon wurin gyaran jiragen ƙasa ya kwaso su. Ƙarya yake yi. Ya ci nawa, kuma mu uku ne yanzu da na sani.

Ni a Kaduna nake, aikina zubin ƙarfe. Shekara da shekaru ina bin kasuwar Panteka ina tsintar tsofaffin bayis, a gefe kuma ina zuba ƙanana na tagulla, kamar tsawon ɗan yatsa, masu ajiye kayan ado suna saya. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo, don ni ne bai kamata a yi wa wannan ba.

Hoton da ya sa na gaskiya ne: bayis ƙirar kamfanin Record lamba 3, shuɗi, mai baki inci 4, irin wanda aka ƙera a Shefild ta Ingila. Labarin nasa ma ya shiga kunne, tunda jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma kayan aikin Ingila sun shigo ƙasar nan da yawa a zamanin Turawa. Ya ce Naira 85,000, a tura rabi kafin alƙalami, sauran idan ya ba direba a tasha. Na nemi ya nuna mini ta bidiyo, ya ce kyamarar wayarsa ta fashe. A nan ya kamata in tsaya, amma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da kayan suka iso, daga nesa sai ka rantse shi ne. Har tsatsa da baƙin mai a lungunansa. Da na murza hannun sai na ji yana lilo, bakin kuma ba ya haɗuwa daidai. Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika na bi jikinsa. Ko'ina yana kamawa, ina zuwa kan rubutun sunan kamfanin sai ya saki. Na kankare da wuƙa. Ashe sabon bayis ne mai araha, aka goge sunansa da giranda, aka zuba haruffan da sanholo irin na tukwane, aka manna, aka shafe gefen da fotin gyaran mota, aka bi da shuɗin fenti. A na asali, tare ake zuba rubutun da gangar jikin, ƙarfe ɗaya ne, babu yadda maganaɗisu zai kama nan ya ƙi can.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ma ba shi ba ne. Ya haɗo mini da wani ɗan ƙarami a matsayin gyara, wai samfurin da wakilan kamfani suke yawo da shi a da, kuma yana sayar wa wasu irinsa Naira 20,000. Ina juya gindinsa sai ga alamata, ɗan tauraron da nake bugawa a duk abin da na zuba, ya dushe amma ana gani. Nawa ya saya a wani wuri ya danna a ƙasar zubi ya yi ta kwafa da sanholo. Na ɗauko na hannuna na gwada, nasa ya ɗan gaza. Duk mai zubi ya san dalili: ƙarfe yana tsukewa in ya huce, sanholo da ɗan fiye da kashi 1 cikin 100, don haka kwafi ba ya taɓa kai uwarsa. Kan kusoshin da ke riƙe haƙoran ma zane ne kawai, sukudireba ba ta juya su. Launin tagullar kuma fenti ne, magagari ya taɓa sau ɗaya fari ya fito.

Babu laifi mutum ya zuba kwafi, ni ma da shi nake cin abinci. Amma ina gaya wa mai saye cewa jiya na zuba shi.

In za ku sayi tsohon bayis, ku tafi da maganaɗisu a aljihu. Ku buɗe shi har ƙarshe, ku rufe a kan takarda ku ja, ku ga ko ya riƙe ta gefe da gefe. Ku leƙa ƙarƙashi ko an yi walda, don ƙarfen zubi in ya tsage aka ɗinke, ba kasafai yake jure guduma ba. Fenti mai kauri a kan tsohon kaya, a kankare a gani. In daga wani gari ne, ku tura wanda kuka yarda da shi ya taɓa da hannunsa kafin ku tura ko sisi.

Mai tallar ya toshe lambata, ya sauya suna, amma hotunan su ne dai, har da jan bokitin da ke bayan teburin. Sunan asusun da na tura wa kuɗi ma daban yake da wanda yake amfani da shi. Wanda abin ya shafa ya adana rasit ɗin banki da hirarsu ta WhatsApp, ya yi mini magana. Ranar Litinin in sha Allahu za mu kai wa 'yan sanda ƙara tare, bayis ɗin da ɗan ƙaramin duk suna wurina.