Shagon littattafan Baba a Agege: ilimi akwai, tsari babu

In littafin Hausa kake nema a Legas, kuma kana so a gaya maka abin da ke cikinsa ba kuɗinsa kawai ba, akwai wani ɗan shago a Agege, can wajen layin dogo, da ya cancanci wahalar danfo. Allon suna ma babu. Dattijon da ke ciki kowa Baba yake ce masa.

Abin da ya kai ni, wani labarin soyayya ne na marubutan Kano, inda mahaifin yarinya ya jawo baiti yana yi wa hakimi gugar zana. Marubuciyar ba ta ce komai ba sai "in ji wani mawaƙi". A Facebook kuwa kowa da wanda yake jingina wa.

Ina gama karanta masa baitin Baba ya ɗaga hannu. "'Yata, ai amshin ya tona asiri. Kin ji an rufe da tabbat haƙiƙa? Gidan Shehu za ki nufa." Ya tura hannu ƙarƙashin tarin Ƙawa'idi da Ishiriniya, ya zaro wasu takardun ajami da aka ɗaure da zare, gefensu duk ya ci danshi.

Bayaninsa ya fi takardun daraja. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya fara tsara waƙar da Fulatanci, yana gargaɗin masu mulki da talakawa kan zalunci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da ita Hausa. Sannan ƙaninta Isan Kware ya yi wa waƙar tahamisi, wato ya ɗora ɗango (layi) uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, ta koma ƙwar biyar. Saboda haka kafin ka ce baitin wane ne, sai ka duba inda ɗangon ya faɗo. Ya bi da yatsa har ya tsaya a kan ɗangon gugar zanar nan, na biyu ne a baitinsa. Ke nan ƙarin Isa ne, ba na Shehu ba kamar yadda ake ta yaɗawa. Ya kuma nuna min kalmar da marubuciyar ta sauya, ya rera da baki don in ji yadda karin ya karye.

Sai dai shagon yana bukatar hannu. Babu kanta ko ɗaya mai tsari, Baba kaɗai ya san inda komai yake, ranar da ya bar wa yaronsa kuwa ka yi zuwan banza. Takardun ba na sayarwa ba ne, hoto ake ɗaukar maka a maƙwabta, kuma nawa ya fito dishi-dishi har wasullan ajamin sun ɓace. Ba ya karɓar tiransifa, sai kuɗi a hannu.

Ladan bincike bai karɓi ko sisi ba, ni ce na ji nauyi na sayi littafin waƙoƙin Sa'adu Zungur. Ku je da hantsi, don da an kira Azahar yake ja ƙofa, dawowarsa kuma sai bayan La'asar.