Na'urar karanta littattafai a zafin Garwa: ra'ayina, da abin yi in ta sandare

Jama'a duk wanda ke tambayata ko na'urar karatun nan ta cancanci kuɗinta, amsata eh ce, wallahi ta cancanta, amma a san halinta kafin a saya. Tawa wani ƙanina ya kawo min ita daga Duwala, kuma tun lokacin kusan duk karatuna a kanta nake yi, littattafan fikihu da na tarihi da na faransanci duk suna ciki. Ido ba ya ciwo kamar in ka daɗe kan waya, a tsakar rana ma ƙarƙashin dalbejiya rubutu raɗau yake fita, caji ɗaya yana kai ni makonni, toh a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar da ta sa na zauna rubuta wannan ita ce sandarewa. A watan Afrilu tawa ta tsaya cak a shafi ɗaya, in taɓa ba ta motsi, in danna maɓalli shiru, in jona caji ko ƙyallin fitila babu. Abin da ke ruɗa mutum shi ne rubutun yana nan ƙarara a sikirin, sai ka ɗauka a kunne take ta ƙi jin magana ne kawai. Ba haka ba ne. Sikirin ɗin da ake kira E Ink da ke kan na'urorin karatu irin su Kindle da Kobo da PocketBook ba irin na waya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, wuta tana motsa su ne lokacin da ka juya shafi kaɗai, in sun zauna sun zauna. Kamar allon almajiri, tawada tana nan har sai an wanke. Saboda haka batir zai iya mutuwa murus amma shafin ƙarshe yana kallonka.

Wani yaro mai gyaran waya a babbar kasuwa da na nuna masa har ya ɗauko abin ɓamɓare murfi, ya ce "Malam bari mu buɗe mu gani", na ce a'a ɗana dakata tukun. Ba raina aikinsa na yi ba, yaran nan sun iya waya sosai, amma ƙarƙashin sikirin ɗin nan gilashi ne siriri ƙwarai a yawancinsu, in ya tsage shi ke nan, kuma a nan arewacin Kamaru ban ga mai sayar da irinsa ba. Shi ne dai ya taimake ni da abu biyu, ya haska ramin caji da tocila sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a ciki kamar an cusa, ya zaƙulo ta a hankali da tsinken sakace, sannan ya ba ni kebul mai kyau domin wanda nake amfani da shi ya saki daga ciki. Allah ya saka masa.

Na koma gida na jona ta a cajar bango ta talakawa mai bolt 5, na ƙyale ta. Nan ne ake buƙatar haƙuri, batirin litiyom in ya ƙare ƙarƙaf ba ya karɓar caji da ƙarfi nan take, kaɗan kaɗan yake sha da farko, kana iya shafe lokaci mai tsawo ba ka ga alamar komai ba, mutane da yawa a nan suke cirewa su ce ta mutu. Bayan ta sha caji sosai sai na danne maɓallin kunnawa na riƙe. Ba daƙiƙa 5 ba, ba 10 ba, Amazon masu Kindle da kansu daƙiƙa 40 suke cewa a riƙe wa Kindle, kuma 40 ɗin nan in kana ƙirgawa da baki za ka yi sauri, gara ka duba agogo. Wasu tsofaffin na'urori kuma suna da ɗan rami na "reset", wato na sake tayar da na'ura, da ake sokawa da allura. Tawa sikirin ya yi baƙi ya yi fari ya ƙyafta, sai ga ta ta taso.

Zafi ma yana da hannu a ciki. Takardar bayanin irin waɗannan na'urori yawanci a digiri 0 zuwa 35 take cewa a yi amfani da su, mu kuwa Garwa da Marwa da Kusiri a Maris da Afrilu 40 muke wucewa, ɗaki mai rufin kwano da azahar kuwa ba a magana, batir yana lalacewa da wuri a irin wannan yanayi. Kada a bar ta cikin mota ko but ɗin mashin, kada a yi mata caji tana zafi.

Sai manyan PDF, musamman littattafan larabci da aka ɗauka hoto shafi shafi ake turawa ta WhatsApp. Gaskiya a nan ba ta gamsar da ni ba, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, shafi yana nauyi kafin ya buɗe, rubutu ƙanana a sikirin mai inci 6, kuma in ka zuba mata littattafai rututu lokaci guda tana ta aikin jera su a ɓoye tana cin batir, fayil ɗaya lalatacce ma zai iya maƙalar da ita. In ta dawo ka jona ta a kwamfuta ka cire abin da ka saka na ƙarshe, ka kwafe sauran ka adana, don in ta kai ga mayar da ita yadda ta fito daga kamfani duk abin da ka zuba da hannunka zai goge.

Amma in ka ga layuka a tsaye da kwance ko rabin sikirin ya shafe rabi na nan, wannan gilashi ne ya fashe, caji da danne maɓalli ba za su yi komai ba. Shi ya sa nake cewa wanda zai aiko maka da ita daga Duwala ko Yawunde ko Kano ya haɗo da murfi mai tauri da kebul na biyu tun daga can.