Kwalbar kashe gobara mai kilo 6 da horon rabin yini: sharhi bayan wata takwas

Wani kamfani a nan Yamai ya kawo wa mangazarmu kwalaben kashe gobara, ya haɗa da horon rabin yini ga ma'aikata. Kayan dai ba su da laifi. Irin mai garin nan ce ta ABC, kilo 6, tana kashe wutar kwali da katako, da ta mai, da ta gas. A gwajin da aka yi a fili da gazuwal cikin tire, nan take wutar ta mutu.

Sai dai garin ba ya wuce kamar daƙiƙa 15 ya ƙare. Mai feshin harshen wuta a sama asara kawai yake yi. A zare fil, a tsaya wajen mita 3, a ba iska baya, a nufi gindin wutar ana kai hannu dama da hagu. Kuma ko sau ɗaya aka matsa, a mayar a sake cikawa, don garin yana maƙalewa a bawul, iskar ta zurare a hankali. Kowane wata a duba allurar awon ƙarfin iska da ke jikin kwalbar tana kan kore, a kifa kwalbar a ji garin ya zubo, in ba haka ba dunƙulewa yake yi. Kada a rataye ta inda ranar Afrilu ke dukanta. A biro mai kwamfutoci kuwa garin ɓarna ne. Can kwalba mai iskar CO2 ce ta dace, amma ba a riƙe bakinta don sanyinsa na ƙona hannu, kuma ba ta da allura, a sikeli ake gane ta ragu.

Inda hidimar ta gaza shi ne tsarin fita. Mai horon bai ko leƙa ƙofar baya ba, alhali kwaɗo ne a jikinta, an kuma jibge buhuna a gabanta. Ba a ce wa zai kashe kuran daga mita ba, wa zai kira ƴan pompiye masu kashe gobara a lamba 18, ina za a taru a ƙirga mutane. Wannan nauyin mai kamfani ne, ba na mai sayar da kwalba kaɗai ba: dokar aiki ta 2012 ta wajabta kwamitin tsaro da lafiya a duk wurin da ma'aikata suka kai 50, ga kuma rajista a CNSS, asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, saboda haɗarin aiki. Hukuma ma da nata. Gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta nan Yamai a Afrilun 2021, inda yara 20 suka rasu cikin azuzuwan zana, ta isa ta sa sufetocin aiki su riƙa duba ƙofofi, ba takardu kawai ba.

Kwalaben a saya. Amma kafin a sa hannu, a sa kamfanin ya rubuta cikin yarjejeniya cewa zai zana hanyar fita, ya yi atisaye da ma'aikata har da mai gadin dare, ya kuma dawo duba kayan duk shekara.