Zaɓen Kyamarar Tsaro Marar Waya: Abin Dubawa Game da Sabis da Batir Kafin a Biya Kuɗi

Yawancin ƙorafin da ake yi a kan kyamarar tsaro marar waya bai wuce abu biyu ba: ko dai hoto yana yankewa daga manhajar waya, ko kuma batirin da aka ce zai yi watanni ya mutu cikin makonni. Sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau, an dai sayi irin da bai dace da gidan ba ne. Shi ya sa ya kamata mai saye ya fara tambayar kansa inda kyamarar za ta samu sabis da inda za ta samu wuta, kafin ya kai ga batun kyawun hoto da mai shago ya fi son yin magana a kai.

Kyamarorin da ake kira marasa waya iri uku ne a kasuwa. Akwai wadda ke aika hoto ta waifai amma tana jone da soket, kamar yawancin ƙananan Tapo da Ezviz da Imou na cikin ɗaki. Akwai mai batir da ke hawa waifai na gida, kamar Reolink Argus da na Eufy da Arlo da Ring. Sai kuma mai cin layin waya da kanta, kamar Reolink Go da ɗimbin masu farantin sola da ke aiki da manhajar V380.

Mai jone da soket ita ce mafi arha, kuma tana iya naɗar hoto dare da rana a katin ajiya ba tare da jiran motsi ba. Rauninta a ƙasarmu Najeriya sananne ne: da zarar an ɗauke wuta ta mutu, kuma lokacin duhun ne aka fi bukatarta. Ga gidan da ke da inbata ko sola mai ɗorewa, ita zan ba da shawara a kan sauran, domin babu ruwanta da matsalar batir gaba ɗaya. Ga wanda ya dogara da wutar gwamnati kaɗai, kuɗinsa zai tafi a kan na'urar da ke gadi rabin lokaci.

Mai batir da waifai ita ce ta fi ruɗar mutane, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. Batirin kyamarar ba ya kunna rautar da ke cikin falo, wato na'urar da ke raba waifai a gida. Idan wuta ta tafi rauta ta mutu, kyamarar tana raye amma ba ta da hanyar aiko da saƙo, wasu ma sukan ci gaba da neman sabis har cajinsu ya ragu. Maganin wannan shi ne a haɗa rautar da ƙaramin batirin ajiya na musamman, ko a yi amfani da maifai, wato ƙaramar rautar aljihu mai cin layin waya, mai batirinsa, kuma wannan kuɗi ne da dole a lissafa cikin farashin tun farko.

Sai batun zangon waifai. Akasarin kyamarori masu batir suna aiki ne a kan 2.4GHz kaɗai, alhali rautoci na zamani suna haɗa 2.4GHz da 5GHz ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan ne ke sa wayar hannu ta hau 5GHz, kyamarar kuma ta ƙi haɗuwa a lokacin saitin farko, har mutum ya ɗauka an sayar masa da mai lalacewa. Raba sunayen biyu a saitin rauta yakan warware matsalar. Kada kuma a biya ƙarin kuɗi don 5GHz idan kyamarar a ƙofar gida za ta zauna, domin duk da saurinsa, 2.4GHz ya fi shi ratsa bango da kai nisa. Gidajenmu na bulo da siminti, da ƙofofin ƙarfe da rufin kwano, suna cinye sigina fiye da gidajen katako irin na Amurka. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne mara shinge, kuma tsakanin falo da zaure akan samu bango uku ko huɗu.

Raunin sigina da mutuwar batir matsala ɗaya ce mai fuska biyu. Kyamarar da ke fama da sabis tana maimaita aika saƙo, tana yankewa tana sake haɗuwa, kuma kowane yunƙuri yana shan caji. Wasu manhajoji suna nuna ƙarfin siginar da lamba: kusan -60 ko abin da ya fi shi kusa da sifili yana da kyau, daga -70 zuwa ƙasa kuwa sai a sa ran yankewa. Masu tashar gida ta kansu, kamar HomeBase na Eufy ko Sync Module na Blink, suna ba da damar ajiye hoto a cikin gida, amma tashar ita ma tana son wuta kamar rauta.

Alƙawarin watanni shida ko shekara da ake bugawa a kwali an gina shi ne a kan motsi kaɗan a rana. Kyamara mai batir barci take yi har sai na'urar jin zafin jiki ta tashe ta. Idan aka fuskantar da ita titi mai babura da masu talla da awaki, za ta wuni tana farkawa, batirin kuma ba zai kai ko kusa da abin da aka rubuta ba. Don haka a nemi wadda manhajarta ke ba da damar zana iyakar wurin da za ta lura da shi, da rage saurin jin motsi, da gajarta tsawon naɗi. Yawan buɗe hoto kai tsaye a waya shi ma yana shan caji ƙwarai.

Zafi wani abu ne da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Batirin litiyam an yi shi ne ya karɓi caji tsakanin digiri 0 zuwa 45, kuma a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, balle baƙar roba da ke cikin rana tsaka. Kyamara da yawa suna dakatar da caji idan sun yi zafi, kuma zafin yana tsufar da batirin da wuri. Haka nan na'urar jin zafin jiki tana rage kaifi idan bango da iska suka kusa ɗumin jikin mutum. Farar kyamara a ƙarƙashin inuwar rufi ta fi daɗewa, kuma wadda farantin solarta ke rabe da igiya ta fi wadda aka manne su wuri guda, tunda ana iya sa faranti a rana, kyamara a inuwa. A duba alamar IP65 ko IP66, lambar 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, sannan a tuna cewa ƙurar hunturu tana rufe faranti, sai an riƙa goge shi.

Mai cin layin waya ita ce ta dace da gona, shago, ginin da ba a gama ba, ko gidan da ba shi da rauta. Idan tana da farantin sola, ba ta dogara da wutar gida ko kaɗan, amma tana da nata sharuɗɗan. Layin dole ya kasance an haɗa shi da lambar NIN, datarsa kuma idan ta ƙare hoto ya tsaya ba tare da gargaɗi ba. Mafi muhimmanci, a tabbatar samfurin na kasuwar Turai ko Afirka ne mai zangon 4G irin su 3 da 7 da 20, domin wanda aka yi wa Amurka yana amfani da wasu zanguna dabam, zai iya ƙin ganin sabis sam. A gwada MTN da Airtel da Glo a daidai wurin da za a kafa ta, don ƙarfin sabis yana bambanta daga lungu zuwa lungu.

Game da ajiyar hoto, Ring da Arlo galibi suna jingina naɗi a kan biyan kuɗin wata-wata da kuɗin waje, kuma irin wannan naɗin sai da intanet. A wurin da sabis ke yankewa, kyamara mai ramin katin ajiya ta fi amfani, domin tana naɗa ko da intanet ya tafi, muddin katin na asali ne, tunda jabu sun yi yawa a kasuwa. Kafin a huda bango, a nemi yarjejeniya da mai shago cewa za a iya mayarwa, a ɗora kyamarar a wurin da ake so na kwana biyu ko uku, ana duba ƙarfin sigina da yawan cajin da ya ragu kowace safiya.