Jakar goyon gaba ga uba mai aikin sa kai

Maigidan da raino ya rage a hannunsa, kuma yana zagayen wayar da kai kan sankarar mama a ƙauyukan Wudil, jakar goyon gaba za ta yi masa rana. Hannu biyu a sake, sai ya raba takardu ko ya rubuta sunayen waɗanda za a tura Asibitin Malam Aminu Kano.

A nemi mai faffaɗar ɗamarar ƙugu. Mai igiyar kafaɗa zalla, kafin azahar wuya ya sage. Gwiwoyin yaro su ɗara mazaunansa tsayi, fuskarsa a bayyane, haɓarsa kada ta danne ƙirji, don hakan na toshe numfashi. Sai wuyansa ya tsaya ake juya shi ya kalli waje.

Aibinta zafi ne. Mai soso da leda tana tara gumi, ƙuraje su feso a bayan yaro. Ta auduga ta fi. In gwanjo ce, a fizgi maɓallin robar da ƙarfi don a gwada shi, domin daga wurin ne take fara tsagewa. Babur kuwa, sam ba a hawa da ita.

Ranar ziyarar masu karɓar allurar ciwon daji, a bar yaro wajen kakarsa. Garkuwar jikinsu ta yi rauni, murar yaro kaɗai na iya kwantar da su.