Gatarin ceto: na kanti ko na Maƙera?

Malam, ka ce kana son ƙaramin gatarin da za ka ajiye saboda gobara ko haɗarin mota, ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin na kanti da wanda maƙeri zai ƙera maka. Ni dai na maƙeri zan ce, amma da sharaɗi.

Na kanti ya fi ta wajen ƙota. Yawancinsu ƙotar faiba ce ko roba, zafin Sakkwato ba ya sa ta motsewa, kuma a bushe ba ta ɗaukar wutar lantarki. Kan a manne yake, ba ya girgiɗi. Aibinsa shi ne don faskare aka yi shi: baki ɗaya gare shi, bayansa kuma dakusasshe. Na 'yan kwana-kwana mai tsini a baya kuwa, kansa kaɗai ya haura kilo 2, ba abin juyawa cikin mota ba ne.

A Maƙera Assada, unguwar maƙera ta Sakkwato, kai ne mai faɗin yadda kake so. Ka ce a yi shi da sifirin ɗin mota, ƙarfe ne mai jure duka. Kada a yi maka irin na gargajiya mai wutsiya da ake cusawa cikin ƙota, don da ka ɓamɓari ƙofa da shi zai fice ya bar ka da sanda a hannu. A huda kan, ƙota ta shiga ciki, a buga mata ƙarfe ta sama ya matse ta. Itacen ya zama marke ko ƙirya da ya bushe sarai. Ɗanye kam da hunturu ya shigo sai ka ji kai na rawa. Wasu za su ce a yi masa ƙotar bututu da walda, ta fi ƙarko. Gaskiya ne, amma ranar da ka sari silin ka taɓa waya, kai wutar za ta bi.

Inda na maƙeri ya yi wa na kanti fintinkau shi ne bayan kan. A fitar masa da tsini gajere, kamar tsawon ɗan yatsa, a tsoma shi ya yi tauri. Gilashin tagar mota irin wanda aka gasa ne. Ka maka masa faffaɗan ƙarfe a tsakiya sai ya yi maka gardama, amma tsini a kusurwa bugu ɗaya ya isa ya zube kamar tsakuwa. Gilashin gaba daban yake, gilashi biyu ne da leda a tsakani, tsagewa yake yi ya tsaya cak, kada ka ɓata lokaci a kansa. Wasu sababbin motoci ma tagoginsu irinsa ne, ka duba ɗan rubutun da ke kusurwar gilashin motarka.

Kai na gram 600 zuwa 800 da ƙota santimita 35 zuwa 40 sun wadatar. Yanke bel ɗin kujera kuwa ba aikin gatari ba ne, ƙaramar wuƙa mai lanƙwasa ta fi, kada garin ceto ka yanki mutum.

Abin da duka biyun ba sa iyawa shi ne yanke rodin tagar gida. Iyakarsa ka farfasa simintin da ke riƙe da shi, hayaƙi kuma ba ya jiran wannan. Ka sa mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa, makullin kwaɗon a rataye kusa inda kowa ya sani.

A yi masa kube na fata, ka ɗaure shi kusa da kujerar direba, ba cikin but ba. In kana bin hanyar Gusau ko Illela, ka shirya amsar da za ka ba jami'ai a shingen bincike, don za su tambaya.